Kafin Ka Dangwala Yatsa: Yadda Bakanike da Ma'aikacin Jirgin Ruwa Za Su Tsare Haƙƙinsu

Wata Laraba ce bayan la'asar Yaya ta kira ni tana kuka, ta ce inji ya kama hannun ɗanta a kamfanin da yake aiki a Sharaɗa, inda ake yanka ƙarfe ana lanƙwasa shi. Na same shi a Asibitin Ƙashi na Dala, hannun dama naɗe da bandeji, yatsu biyu sun tafi. A bakin gadon ga wani mutum daga kamfani zaune da ambulan a cinya, da takarda shafi ɗaya, da ɗan akwatin tawadar dangwale, tunda ya san hannun riƙe biro ba ya moruwa. Yaron ya ɗago ido ya ce, "Kawu, sun ce in dangwala da hagu, za su ba ni dubu ɗari da hamsin."

Na karɓi takardar na karanta. Da Turanci aka rubuta ta, abu biyu kuma ta ƙunsa: cewa gangancinsa ne ya jawo hatsarin, da cewa ya karɓi wannan kuɗi ya yafe duk wani abin da zai nema nan gaba. Na ninke ta na miƙa wa mai ita, na ce, "Yallaɓai, mun gode da dubiya, Allah Ya ba da lada. Maganar takarda kuma sai ya samu sauƙi."

Ni ba lauya ba ne. A Ƙofar Ruwa na koyi kanikanci, na yi shekara 11 a ɗakin inji na jiragen ruwan da ke kai kaya rijiyoyin mai daga tashar Onne a Jihar Ribas, yanzu kuma ina da ƙaramin wurin walda da gyaran injina a nan Kano. Abin da zan faɗa, wani a jikina na koye shi, wani a bakin lauyoyi da jami'an ƙungiyar ƙwadago da muka yi ta zarya wurinsu. Duk shari'ar ma'aikacin da na gani da idona, wanda ya samu haƙƙinsa mai takarda ne a hannu.

Mu fara daga ranar da aka ɗauke ka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai kamfani ya ba ka takarda kafin ka cika wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke ka, irin aikinka, albashinka, awoyin aiki, hutu, da wa'adin da za a ba ka idan za a sallame ka. Mu a Kano kunya ke cin mu. Baffa ne ya yi maka hanya, ko maƙwabci ya kai ka wurin manaja, sai ka ga kamar neman takarda rashin yarda ne. Ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi, kuma albashin da ba a biya ba bashi ne. Ka nema da ladabi. Ka ce ana buƙatarta a banki ko wurin fansho, gaskiya ce kuma ba ta ɓata wa kowa rai.

In sun hana, sai ka tara shaidarka da kanka. Katin shaidar kamfani, hotonka cikin kayan aiki a bakin injin da kake kula da shi, hoton rajistar da kuke sa hannu da safe, saƙon da shugaban sashe ya turo maka ta WhatsApp cewa gobe kana aikin dare. Ka dage albashi ya riƙa shiga ta banki, don alat na wata goma a jere ya fi shaidar mutum goma ƙarfi. Kuma kada ka bar komai a wayarka kaɗai, waya tana faɗawa cikin baƙin mai, ana kuma sace ta. Tura wa matarka ko ƙaninka, ka kuma yi fotokwafi ka adana a gida.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. Sunan da ke jikin allon ƙofar kamfani ba lallai ne shi ke rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba, kuma da yawa daga masu aiki a Bompai da Chalawa da Sharaɗa ɗan kwangilar samar da leburori ne ya ɗauke su, ba kamfanin da suke shiga kullum ba. Ka duba sunan da ke fitowa a alat ɗinka, ka rubuta shi harafi da harafi. Na ga ƙarar da ta yi wata da watanni tana tafiyar hawainiya saboda sunan da aka rubuta a takardar ƙara babu kamfani mai shi.

Yanzu ga babbar magana, rauni a wurin aiki. Tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ke riƙe da asusun. Kowane mai kamfani zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, doka ta hana a cire ko kwabo daga albashinka don wannan. Ban da sojoji, dokar ba ta ware kowa ba: ma'aikacin dindindin, na wucin gadi, ɗan aikin rana, har yaron da ke koyon sana'a, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Wannan ya shafe mu masu gareji da wuraren walda, mu ma iyayen gida ne a idon doka, kuma yawancinmu ba mu taɓa tunanin haka ba.

Ka riƙe lambobi uku. Kwana 14 kake da su ka sanar da kamfani cewa ka ji rauni, in ba ka iya ba iyalinka su sanar. Kwana 7 kamfani ke da su ya kai rahoto ga NSITF. Shekara 1 kake da ita ka shigar da takardar neman diyya. Doka ta buɗe ƙofa har zuwa shekara 3 ga mai uzuri na musamman, amma kada ka jingina da wannan. Kamfanin da ba ya son biya ba ya cewa ba zai biya ba, cewa yake yi ka dawo wani mako, manaja ya yi tafiya, har wa'adi ya shige.

Kada ka ce ai a gabansu abin ya faru, sun sani. Rubuta. Layi biyar sun isa: sunanka, ranar da abin ya faru da lokacin, wurin, injin da ya kama ka, da irin raunin. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Na ɗan yayata ni na rubuta a kan benci a harabar asibiti, washegari na kai. Sakataren ya ce hatimi na wurin wanda ba ya nan. Na zauna a kan kujerar maigadi tun ƙarfe tara har aka kira azahar, sai ga hatimi ya fito daga aljihun teburinsa.

A asibiti, da bakinka ka gaya wa likita cewa a wurin aiki ne, kuma inji kaza ne, don ya shiga fayil tun ranar farko. Wasu kamfanoni sukan raka mara lafiya su ce a gida ya yanke. Katin asibiti, hoton ƙashi, rasit ɗin magani komai ƙanƙantarsa, duk a jaka ɗaya. Idan rauni ya kama hanyar warkewa, ka nemi rahoton likita da zai bayyana abin da ka rasa na amfanin gaɓar, domin da shi ake lissafin diyya.

Sai inji. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce duk wani ɓangare mai haɗari na inji sai an yi masa kariya, kuma raunin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku dole kamfani ya sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Injin da ya ci yatsun yaron nan yana da murfin raga a gaban wuƙarsa, amma an kwance shi tun da daɗewa don aiki ya yi sauri. Allah Ya yi wa wani abokin aikinsa albarka, a daren ya ɗauki hoton injin da wayarsa, ga ramukan ƙusoshi huɗu a fili babu murfi, ga jini bai gama bushewa a kan farantin ba. Da gari ya waye an mayar da murfin, har an shafa masa fenti. Wannan hoto shi ya riƙe shari'ar gaba ɗaya. In abokin aikinka ya ji rauni, bayan an kai shi asibiti, babu taimakon da ya kai wannan. Ka kuma rubuta sunayen waɗanda ke wurin da lambobinsu, don ma'aikatan wucin gadi yau suna nan gobe sun watse.

Kada ka jira kamfani ya kai maganarka NSITF. Suna da ofis a Kano, ka je da ƙafarka ka tambaya ko an kawo rahoto, ko kamfanin ma yana da rajista. Abin da dokar ta rufe ya wuce yankewar gaɓa. Kurumtar da ƙarar inji ke jawowa tana ciki, kuma duk wanda ya yi shekaru kusa da babban janareta ya san yadda kunne ke mutuwa a hankali. Cutar da hayaƙi ko sinadarin wurin aiki ya haddasa tana ciki. Hatsari a hanyarka ta zuwa aiki daga gida ko komawa yana ciki, muddin kamfani ya san adireshinka tun farko, shi ya sa in ka tashi daga Kurna ka koma Ɗorayi ya kamata ka sanar da su a rubuce. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, haka ma matar da miji ya rasu a bakin aiki ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye.

Ita kuwa takardar yafewa irin wadda aka kawo asibiti, dokar ta ce yarjejeniyar da ma'aikaci zai sarayar da diyyarsa ba ta da ƙarfi. Duk da haka kada ka dangwala, domin layin da ke cewa laifinka ne zai bi ka har gaban alƙali. In sun kawo kuɗin magani ka karɓa, ka sa hannu a rasit da ya ce kuɗin magani ne kawai. Kuma tun da wuri ka ga lauyan da ya san shari'ar ƙwadago, saboda hanya biyu ce, neman diyya a NSITF da ƙarar sakaci a kotu, bin ɗaya kuma yana iya toshe maka ɗayar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar ƙwadagonsa.

Da muka ƙi karɓar ambulan, wani dattijo a danginmu ya kira ni gefe ya ce, "Ƙaddara ce, ku bar wa Allah, kada a ce mun sayar da yatsun yaro." Na girmama shi, na kuma san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce, "Baba, mun yi imani da ƙaddara, amma Musulunci da kansa ya yanka wa kowane yatsa diyyar raƙumi goma." Ya yi shiru ya ce haka ne. Yaro ɗan shekara 24 da sana'arsa ke hannunsa, abin da zai ci da shi har tsufa ne ya ragu, kuma wanda ya kwance murfin nan ya san abin da murfin ke karewa.

Maganar sallama da riƙe albashi ba ta da tsawo. Wanda bai wuce wata uku ba, wa'adin kwana ɗaya ne. Daga nan zuwa shekara biyu, mako guda. Shekara biyu zuwa biyar, mako biyu. Biyar zuwa sama, wata guda, ko a biya ka kuɗin wa'adin. Kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye dole ya zuba maka fansho, nasa kashi 10 naka kashi 8 cikin 100 na albashinka, ya kuma yi maka inshorar rai da ta kai albashinka na shekara sau uku. Ka riƙa duba asusun fanshonka, ana cirewa ba a zubawa. In an taka ɗaya daga cikin waɗannan, ka fara da wasiƙa ga kamfani, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, in ta ƙi ci sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tana da reshe a Kano, ba sai ka je Abuja ba. Masu tuƙa injin ɗaga kwantena a tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, su ma waɗannan dokoki ne nasu, ko da yake kayan teku suke ɗauka.

Aikin jirgin ruwa kuwa duniyarsa daban. Samarinmu da suka iya inji suna sha'awarsa, kuma ina ƙarfafa musu gwiwa, bakaniken Kano ba ya jin kunya a ɗakin injin kowane jirgi. Amma tun daga nan gida ake fara cutarsu. Wani yaro a unguwarmu ya sayar da babur ɗinsa ya tura wa wani da ya ce shi wakilin kamfanin jirgi ne a Legas, aka turo masa takardar ɗaukar aiki mai tambari, ya je Apapa ya tarar babu ofis babu jirgi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya ta 2006, wadda ake kira MLC, kuma Najeriya ta amince da ita a 2013, ta hana wakili karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don ya samar masa aiki. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne takardunka: fasfo, shaidar lafiya wadda ba ta wuce shekara 2, littafin ma'aikacin jirgi daga NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, da horon farko na ma'aikatan jirgi, wanda ake kira STCW, kan kashe gobara, agajin gaggawa da tsira a ruwa. Horon kuma a makarantar da NIMASA ta amince da ita, kamar Kwalejin Horar da Ma'aikatan Ruwa da ke Oron a Akwa Ibom.

Kafin ka taka tsanin jirgi, a ba ka yarjejeniyar aiki ka karanta a natse, kai da kamfani ku sa hannu, ka riƙe kwafinka. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 ba ta shafi ma'aikatan jirgin ruwa ba, don haka abin da ke cikin wannan takarda shi ne madogararka. Ka rubuta sunan jirgin, tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, da lambar shaidarsa ta duniya, wadda ake kira lambar IMO, mai alƙaluma 7. Jirgi yana sauya suna da tuta da mai shi, amma wannan lamba da ita yake mutuwa. A ƙarƙashin MLC albashi duk wata ne tare da takardar lissafi, hutawa aƙalla awa 10 cikin 24 da awa 77 a mako, hutun kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki, kuma kamfani ne zai biya kuɗin mayar da kai gida kafin ka cika wata 12 a jirgi. Jiragen kamun kifi da waɗanda ba sa fita daga koguna da harabar tasha ba sa cikinta, su dokokin gida ne ke kansu.

A 2015 na yi wata biyar babu albashi a wani jirgi da aka daina ba kwangila. Muna tsaye a kan anga, muna hango fitilun gari da dare. Man janareta ya ƙare, firji ya mutu, muka koma garin rogo da kifin da muke kamawa da ƙugiya, muna shimfiɗa tamfol muna tarar ruwan sama a durom. A gida matata ta sayar da keken ɗinkinta. Wasu cikinmu suka gaji suka hau kwalekwale suka tafi hannu rabbana. Babban injiniyanmu, wani dattijo mutumin Kalaba, shi ya hana ni. Duk ƙarshen wata sai ya zana lissafin abin da kowa ke bi a takarda, kyaftin ya sa hannu ya buga hatimin jirgi. Ya ce da ni albashin ma'aikaci a jikin jirgin yake manne, ko an sayar da shi bashin na binsa, kuma kotu na iya tsare jirgi har sai an biya. Haka dokar shari'ar teku ta 1991 ta tanada. Da ƙungiyar ƙwadago ta shigo, lauya ya shigar da ƙara, mu da muke da takardun nan aka biya mu. Waɗanda suka tafi ba lissafi a hannu, har na bar Ribas suna bin sawu.

Abubuwa sun ɗan sauya tun lokacin. Daga Janairun 2017, jiragen da MLC ta shafa dole su yi inshorar watsi da ma'aikata, a kuma manna takardarta inda kowa zai gani, yawanci kusa da ɗakin cin abinci. Ranar da ka shiga jirgi ka ɗauki hotonta, akwai sunan kamfanin inshora da lambarsa. In aka yi wata 2 ba a biya ku ba, a idon yarjejeniyar an yi watsi da ku, inshora za ta biya albashin da ya kai na wata 4, da abinci, da kuɗin komawa gida. Daga Disamban 2020 kuma, wanda 'yan fashin teku suka kama albashinsa na ci gaba da tafiya har a sako shi. Ku kai kuka ga NIMASA, da ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta MWUN, in a ƙasar waje kuke ku nemi sufeton ITF, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, a tashar. Batun kotun da za a je ku bar wa lauyan teku, domin a da Babbar Kotun Tarayya ake zuwa, amma a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ƙarar albashin ma'aikatan jirgi ta Kotun Ma'aikata ce. Kafin ka bar Kano kuma, ka ajiye wa iyalinka kwafin yarjejeniyar da lambar jirgin, ka tabbata sunan magajin da ka cike a fom na mai rai ne da za a iya samu a waya.

Shari'ar ɗan yayata ta ɗauki wata 14. Ya zamana kamfanin bai taɓa yi wa ma'aikatansa rajista ba, lauya ya kai ƙara Kotun Ma'aikata, kafin zama na uku suka nemi sulhu, suka biya kuɗin asibiti da diyyar da ta ninka ta ambulan fiye da sau goma. Yanzu yana wurina, yana koyon riƙe kan walda da hagu, ɗinkin waldarsa ya fara miƙewa. Satin da aka gama maganar na zauna na rubuta wa yarana bakwai takardar aiki, kowa da tasa, na je ofishin NSITF na karɓo fom ɗin rajista, na kuma mayar wa injin gurza ƙarfena murfinsa da ya shekara biyu a ƙarƙashin tebur.